KWANA BIYU A GIDAN SPAFFORD, URUSHALIMA

Idan mutum ya fito daga tsohon birnin Urushalima ta Ƙofar Dimashƙu, ya miƙe arewa a kan hanyar Nablus, wato wajen Shekem ta dā, zai fara ratsa masu tallar gurasa mai riɗi da 'yan canjin kuɗi da tashar motoci. Daga nan sai ya ga wani ɗan lungu a hannun dama wanda ya nufi Lambun Kabari, inda masu ziyara daga ƙasarmu sukan taru su ci Jibin Ubangiji. Gaba kaɗan ga babbar majami'ar Angilikan ta Saint George, wadda aka keɓe a shekarar 1898. Kafin ya cika tafiyar minti 15 daga bakin ƙofar, sai ya iske wani tsohon gida na farin dutse, itatuwa sun lulluɓe shi, ga hasumiyar masallaci dab da shi. Sunan gidan American Colony. Yau otal ne na masu hannu da shuni, da jakadu, da manyan 'yan jarida. Amma waɗanda suka kafa shi ba otal suka zo yi ba. Mata da miji ne da suka rasa 'ya'ya biyar, suka bar ƙasarsu, suka zo Urushalima jiran komowar Ubangiji.

Mu huɗu muka sauka a can, iyali biyu daga ikkilisiya ɗaya, a watan Oktoba na 2022, bayan sauran abokan ziyararmu sun koma gida. 'Ya'yanmu ne suka haɗa kai suka kama mana ɗakuna na kwana 2. Dole mu faɗi wannan tun da fari, gama kuɗin kwana ɗaya a gidan nan ya fi albashin wata na malamin firamare a wajenmu nesa ba kusa ba. Kada wani ya karanta ya ce ashe da baikon ikkilisiya dattawan nan suke yawo.

Gidan attajiri mai mata huɗu

Da muka shiga, abin da ya fara ba mu mamaki shi ne gidan bai zama mana baƙo ba. Duk wanda ya taɓa shiga gidan babban attajiri a cikin birnin Kano ko Zariya zai gane fasalinsa. Akwai zaure, sa'an nan tsakar gida, ɗakuna sun kewaye ta ta kowane gefe suna ba titi baya. Ashe kuwa dalili ɗaya ne. Wani babban mutum na zamanin mulkin Turkawa, Rabbah al-Husseini, shi ya gina gidan a rabin ƙarshe na ƙarni na 19 domin kansa da matansa huɗu, a lokacin da mutanen Urushalima suke tsoron kwana a bayan ganuwa. An ce kowace mace tana da ɗakin ƙasa mai sanyi domin lokacin zafi, da na bene domin lokacin ɗari. Ya rasu bai bar ɗa namiji ba. Turakarsa tana nan a bene har yanzu, rufinta na katako an yi masa zane da shuɗi da ruwan zinariya, mutum ya ɗaga kai har wuya ya yi masa ciwo bai gaji da kallo ba.

Ɗakunan otal ɗin duka wajen 90 ne, waɗansu a tsohon gidan, waɗansu a gine-ginen da ke kewaye da shi. Mu a tsohon gidan aka sa mu. Kaurin bango ya kusa kamu biyu. Rufin ɗakin irin ɗaurin guga ne, tagogi masu bakan gizo, daɓen dutse da darduma a kai. Da rana tsaka ɗakin sanyi ƙalau kamar randa. Gado kuwa, matanmu suka ce iyali guda zai kwana a kai har da baƙo. Tawul fari fat iri uku, kowanne da aikinsa. Sai da muka yi shawara kafin muka san na hannu da na jiki. Akwai wurin iyo a lambu, akwai kuma mashaya a ƙarƙashin ƙasa. Waɗannan biyu daga nesa muka gaishe su.

Tsakar gidan ita ce ran wurin. A tsakiya akwai ɗan tafki na dutse da ruwa ke tsartuwa dare da rana, furanni sun hau bango, tebura a ƙarƙashin inuwa. Da safe akan shirya abinci a dogon teburi kowa ya ɗiba da kansa: gurasa mai zafi, zaitun baƙi da kore, kindirmo mai kauri da ake zuba wa man zaitun, wani irin wake da aka niƙa da riɗi ya yi laushi, ƙwai, tumatir, dabino, inabi. Rumman kuwa lokacinsa ne, har matse ruwansa ake yi a kofi. Mun sha karanta sunayen waɗannan abubuwa a Littafi Mai Tsarki tun muna makarantar Lahadi. Ganinsu jere a faranti ɗaya wani abu ne dabam. Kwana 12 ke nan ba mu ga tuwo ba, amma ba mu yi gunaguni irin na jeji ba.

Yawancin ma'aikatan gidan Falasɗinawa ne, Kirista da Musulmi a haɗe. Ba a daɗe ba muka gane bakinmu ɗaya da su a abubuwa da dama. Mu ce shayi, su ce shai. Mu ce sukari, su ce sukkar. Albasa, sabulu, alƙalami, sunayen ranaku, duk sai su yi dariya su maimaita da nasu lafazi. Wani dattijo mai kawo abinci, da ya ga muna addu'a kafin ci, ya tambaye mu da wane suna muke kiran Mahalicci. Muka ce Allah. Ya dafa ƙirji ya ce su ma Kiristan Larabawa haka suke kira tun kaka da kakanni, a majami'a da cikin Littafinsu. Sa'an nan fuskarsa ta sāke, ya ce sun ragu ƙwarai. Gaskiyarsa ce. Kirista a birnin Urushalima yau ba su kai 2 cikin 100 ba.

Lauyan Shikago

A bangon hanyoyin cikin gidan an rataye tsofaffin hotuna da takardu. A nan ne labarin yake, ga mai haƙurin tsayawa ya duba.

Horatio Spafford lauya ne a birnin Shikago na Amurka, dattijon ikkilisiya, abokin mai bishara D. L. Moody. Matarsa Anna haifaffiyar ƙasar Norwe ce. Ya sa dukiyarsa a filaye da gidaje, sai babbar gobarar Shikago ta Oktoba 1871 ta jawo masa hasara mai yawa. Bayan shekara 2 iyalin suka shirya tafiya Turai domin su huta. Wani sha'anin aiki ya tsare maigida, ya sa matarsa da 'ya'yansu mata huɗu a jirgin ruwa mai suna Ville du Havre, a kan zai bi su daga baya. Da daren 22 ga Nuwamba 1873, a tsakiyar teku, wani jirgi mai suna Loch Earn ya buge su. Cikin minti 12 jirginsu ya nutse. Mutum 226 suka mutu. Cikinsu har da 'yan matan nan huɗu, babbar tana da shekara 11, autar tana da 2. Aka tsamo Anna a sume a kan guntun katako. Da aka sauke su a Cardiff ta buga wa mijinta waya, ta ce ita kaɗai ta tsira, tana tambayarsa abin da za ta yi.

Ya shiga jirgi ya tafi wurinta. An ce a kan hanya shugaban jirgin ya kira shi ya nuna masa wajen da abin ya faru. Daga cikin wannan baƙin ciki ne ya rubuta waƙar nan ta ta'aziyya da ake rairawa a jana'izar masu bi a ƙasashe da yawa, wadda take shaida cewa ran mai bi yana cikin salama ko da baƙin ciki ya taso kamar teku. Philip Bliss ne ya sa mata murya, ya ba muryar sunan jirgin da ya nutse, aka buga ta a 1876. Shi kansa Bliss bai ga ƙarshen wannan shekara ba. Shi da matarsa suka mutu a hatsarin jirgin ƙasa a watan Disamba.

A nan masu wa'azi sukan tsaya da labarin, su sa a tashi a raira waƙar. Amma labarin bai tsaya nan ba. Allah ya sāke ba su haihuwa: ɗa namiji, sa'an nan Bertha a 1878. A 1880 zazzaɓi ya ɗauke ɗan, tun bai kai shekara 5 ba. Bertha ta ba da labari daga baya cewa waɗansu a ikkilisiyarsu suka fara tambayar wane zunubi iyalin nan suka yi da Allah yake hukunta su haka. Abokan Ayuba ba su ƙare a duniya ba. Ta wajen Spafford kuma, koyarwarsa ta fara kaucewa. Ya soma cewa babu hukunci na har abada, ya rabu da ikkilisiyarsa, jama'a kaɗan suka riƙa taruwa a gidansa. Jaridu suka laƙaba musu suna Masu Nasara. A watan Agusta 1881, da jaririyarsu Grace a hannu, su manya 13 da yara 3 suka bar Shikago. Suka iso Urushalima a watan Satumba, suka yi hayar gida a kan tudu cikin ganuwa, kusa da Ƙofar Dimashƙu.

Daren farko, bayan jibi, muka zauna a tsakar gida mu huɗu muna maimaita wannan labari. Abokan tafiyarmu, dattijo da matarsa, sun rasa 'yarsu ta fari wajen haihuwa shekara 3 kafin wannan tafiya, an kuwa raira waƙar nan a bakin kabarinta. Uwar ta yi shiru tun da aka fara magana. Can sai ta juya wajen mijinta.

"Maigida, wato sa'ad da ya rubuta waƙar, bai san akwai na biyar a gaba ba?"

"Bai sani ba, Uwargida."

"Da na biyar ya tafi, ya janye waƙar?"

"Bai janye ba."

Ta ce to, ita abin da ya fi tsaya mata ba waƙar ba ne, matar ce. Kowa ya san sunan wanda ya rubuta, amma wadda aka fizge jaririya daga hannunta cikin ruwa, mutum nawa suka san sunanta? Ba wanda ya amsa. Ladanin masallacin da ke kusa ya kira lisha, muka jira ya gama, sa'an nan dattijon ya yi mana addu'a muka tashi.

Alheri da karkata a gida ɗaya

Jama'ar nan suka zauna wuri ɗaya, tukunya ɗaya, aljihu ɗaya, suna cewa suna bin gurbin ikkilisiyar farko. Suka koyar da yara, suka yi jiyyar marasa lafiya, ba su tambayi addinin kowa ba. A 1882 waɗansu Yahudawa matalauta suka iso daga Yaman da ƙyar, ba su sami mai karɓarsu ba, har waɗansu suna kwana a kogwanni. Mutanen Spafford suka ciyar da su. Janar Gordon na Ingila, wanda aka kashe a Khartum a 1885, yakan ziyarce su sa'ad da ya zauna a ƙasar a 1883, an kuma ce daga soron gidansu yakan zauna yana duban dutsen nan mai kama da ƙoƙon kai da ke gefen Lambun Kabari.

Spafford ya rasu da zazzaɓin cizon sauro a 1888, aka binne shi a Dutsen Sihiyona. Ragamar ta koma hannun Anna. A nan ba za mu ɓoye wa masu karatu kome ba, gama mujallar iyali ce wannan. Anna ta riƙa cewa tana karɓar saƙo kai tsaye daga wurin Allah, maganarta ta zama doka. Ta hana aure a cikin jama'ar, har ma'aurata aka umarce su su zauna kamar wa da ƙanwa. Ba a ɗage wannan doka ba sai da 'yarta Bertha ta so aure, aka ɗaura mata da Frederick Vester a 1904. Mu a ganinmu wannan kaɗai ya isa ya nuna daga ina dokar ta fito. Littafi ya riga ya gargaɗe mu a kan masu hana aure (1 Timoti 4:1-3). Matar ta sha wuya irin wadda yawancinmu ba za mu taɓa sha ba, ta kuma yi alheri mai yawa, amma shan wuya ba ya mai da mutum annabi. Mun ga irin wannan a ƙasarmu, inda gidan addu'a yakan fara da hawaye na gaskiya ya ƙare da mutum ɗaya yana mulkin auren mutane da aljihunsu.

A 1896 mutanen Suwidin suka shigo cikinsu, waɗansu daga Shikago, waɗansu manoma daga wani ƙauye mai suna Nås, waɗanda suka sayar da gonakin gādo suka taho. Jama'ar ta kai wajen mutum 150, gidan cikin birni ya yi musu kaɗan, shi ne suka koma gidan attajirin nan. Marubuciyar Suwidin Selma Lagerlöf ta ziyarce su a 1900, ta rubuta littafi a kan manoman nan, ta kuma zama mace ta fari da ta sami lambar Nobel ta adabi a 1909. Da zuwan manoman sai gidan ya sami masu sana'a: kiwon shanu, gashin burodi, saƙa, sassaƙa, ƙira. Suka buɗe kanti kusa da Ƙofar Yafa. Suka kuma fara ɗaukar hoto tun ziyarar Sarkin Jamus Wilhelm na II a 1898. Hotunansu fiye da 20,000 suna ajiye a babban ɗakin karatu na majalisar Amurka, ana iya ganinsu ta intanet.

Hotunan da suka fi tsayar da mu su ne na fara. A 1915, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, fara ta sauko wa ƙasar tun daga watan Maris har kaka. Ga hoton itacen ɓaure da ganye lif, ga hotonsa kuma bayan fara ta wuce, ya zama ƙarare fari. Duk wanda kakarsa ta ba shi labarin shekarar fara ba ya bukatar a fassara masa. Wanda kuma ya karanta annabi Yowel zai ga sura ta fari da idonsa. Yunwa ta biyo baya, da annoba. Mutanen gidan nan suka kafa manyan tukwane suna ciyar da mutum fiye da 1,000 kowace rana, suka kuma karɓi aikin jiyyar sojojin da aka yi wa rauni, na kowane gefe. Ko da Amurka ta shiga yaƙin a 1917, Turkawa ba su kore su ba. Ran 9 ga Disamba 1917, da magajin garin Urushalima ya fita miƙa birnin ga sojan Ingila, farar tutar da aka ɗaga zanen gado ne daga asibitin da mutanen nan suke lura da shi. Bayan kwana 2 Janar Allenby ya shiga ta Ƙofar Yafa da ƙafa.

Akwai abu ɗaya da muka yi muhawara a kai har shayinmu ya huce. Mutanen nan ba su yi wa kowa wa'azi ba. Da gangan suka ƙi. Saboda haka Musulmi da Yahudawa suka amince da su, suka ba su 'ya'yansu su koyar, abin da ba su yi wa mishan da yawa ba. Dattijo abokin tafiyarmu ya ce ai rayuwarsu ita ce wa'azin, ya kuma tuna mana da asibitocin kutare na ƙasarmu, inda wankin miki ya buɗe ƙofofin da baki bai iya buɗewa ba. Mu kuwa muka ce gaskiya ne, amma a asibitocin nan bayan an wanke miki akan buɗe Littafi, shi ya sa akwai ikkilisiyoyi a wuraren yau. A nan an ciyar da dubbai, amma ba ikkilisiya ko ɗaya da ta tsiro daga gidan. Ya ce Ubangiji ne mai lissafi, ba mu ba. A kan wannan dai ba mu yi masa gardama ba, amma ba mu sauka daga ra'ayinmu ba.

Yadda ya zama otal

A 1902 wani mai masauki a Yafa, Baron Ustinov, yana neman wurin da baƙinsa Turawa za su riƙa kwana idan sun hau Urushalima, sai ya roƙi mutanen gidan su ba da ɗakuna. Mafarin ke nan. Anna ta rasu a 1923. Wajen 1930 rigima ta raba jama'ar, aka raba dukiya, daga baya zaman tarayya ya ƙare, masaukin ya rage. Har yau gidan yana hannun zuriyar waɗanda suka kafa shi, ko da yake a 1980 an danƙa wa wani kamfanin Suwizalan tafiyar da shi.

Daga 1948 zuwa 1967 birnin a rabe yake, gidan yana gefen Urdun, iyaka da waya mai ƙaya suna 'yan taku kaɗan daga ƙofarsa. Ya sha harsashi a yaƙe-yaƙen biyu. A kan layin iyakar nan ne babban titi yake yanzu, da jirgin ƙasa na cikin gari wanda ya fara aiki a 2011. Mutum ya tsallaka titin sai ya ga tufafi da rubutun kantuna da harshe duk sun sāke. Da yake masu gidan ba Yahudawa ba ne, ba kuwa Larabawa ba, sai ya zama wurin da kowane gefe yake iya shiga ya zauna. A nan aka yi waɗansu ganawa a asirce a 1992 tsakanin Isra'ilawa da Falasɗinawa, cikin shirin da ya kai ga yarjejeniyar Oslo ta 1993. Salamar da aka sa zuciya a kai ba ta samu ba. Unguwar da gidan yake, Sheikh Jarrah, ita kanta rigimar gidaje ta sa sunanta a bakin duniya a 2021. Mutum yana zaune cikin furanni ana zuba masa shayi a kofin tangaran, a bayan bango kuwa akwai iyalan da ba su san ko za su ƙara shekara a gidajensu ba. Wannan ya dame mu, ba mu kuwa ga alamar ya dami teburan da ke kusa da mu ba. Watakila sun saba.

Tsohon gidan da ke kan ganuwa

Rana ta biyu muka koma cikin birni neman gidansu na fari. Daga Ƙofar Dimashƙu sai hawa, matakala bayan matakala, har gwiwoyinmu suka tuna mana da shekarunmu. Gidan yana jingine da ganuwa, sunansa yanzu Spafford Children's Center. Ga yadda ya fara. Ran jajiberen Kirsimati na 1925 Bertha tana hanzarin zuwa Baitalami raira waƙoƙi, sai ta gamu da wani Balaraben ƙauye ya ɗauko matarsa marar lafiya a kan jaki, da jariri sabon haihuwa, ya iske asibiti ba ya karɓar mutane saboda biki. Ta tsaya ta sa aka karɓi matar. Kashegari matar ta rasu. Mijin ya kawo jaririn ya roƙe ta ta riƙe shi, gama in ya koma da shi kogon da suke zaune ba zai rayu ba. Ta karɓa, aka sa masa suna Noel. Kafin a jima aka kawo waɗansu. Gidan ya zama gidan jarirai, daga baya asibitin yara. Bertha ta rasu a 1968, amma aikin bai mutu ba. Yanzu ana taimakon yara masu wahalar magana ko koyon karatu, da waɗanda tashin hankali ya firgita. Mun ji muryoyinsu daga tsakar gida. Ba darduma a nan, ba kofin tangaran. Uwargidan dattijo ta ce da a nan aka kama mana ɗaki da ta fi jin ta sauka a gidan Anna.

Da muka sauko, mai yi mana jagora ya bi da mu ta wata unguwa kusa da ɗaya daga ƙofofin masallacin Al-Aƙsa, inda baƙaƙen fata suke zaune cikin waɗansu tsofaffin gine-gine biyu da Turkawa suka taɓa mayarwa kurkuku. Kakanninsu Musulmi ne daga Nijeriya, Cadi, Sudan da Senegal, har da Hausawa a ciki, da yawansu sun biyo ta nan ne bayan aikin haji suka zauna. Larabci suke yi yanzu. Muka gaisa da hannu, suka dube mu muka dube su, kowa ya ga fuskar gida.

Kabarin Spafford yana makabartar Furotesta ta Dutsen Sihiyona, wadda take a kulle, sai da izini ake shiga. Ran 1 ga Janairu 2023, watanni kaɗan bayan komowarmu, waɗansu samari suka shiga suka farfasa kaburbura fiye da 30 a wurin. Yaƙin da ya ɓarke a watan Oktoba na wannan shekara kuma ya tsai da tafiyar masu ziyara da yawa, har da na ƙasarmu.

Ga 'yan'uwa da Ubangiji zai buɗe wa hanya nan gaba, ba lalle sai kun kwana a otal ɗin ba. Masaukin baƙi na majami'ar Saint George yana kan hanya ɗaya, kuɗinsa bai kai wannan ba. Idan kun fito daga Lambun Kabari, ku roƙi mai jagora ya ba ku sa'a ɗaya. Ku miƙe arewa da ƙafa, ku shiga tsakar gidan ku sayi shayi, ba mai hana ku. Ku nemi izinin duba hotunan da ke bango. In kuwa za ku hau zuwa gidan yara, ku aika musu tun da wuri, ku tafi da safe kafin rana ta yi zafi, ku sa takalmi marar santsi, gama duwatsun matakalar sun goge.